Injin Turin Kafaɗa Mai Hannu Biyu a Rabe: Na'urar da Ke Tona Asirin Hannun da Ke Laɓewa

Kusan mutum 9 cikin 10 a duniya da hannun dama suke aiki. Da shi ake cin abinci, da shi ake rubutu, da shi ake gaisawa, kuma babban yatsansa ne ke yini yana shafa fuskar waya. Hannun hagu ɗan rakiya ne kawai, sai dai ga bahago, wanda nasa lamarin yake a juye. Idan aka ɗauki shekaru a haka, ɓangare guda kan fi ɗan'uwansa ƙarfi da iya sarrafa motsi, mai jikin kuma bai sani ba.

Shiga gidan motsa jiki ba lallai ya gyara wannan ba, wani lokacin ma ƙara shi yake yi. Idan hannu biyu suka kama ƙarfe ɗaya suna turawa, mai ƙarfin ne ke ɗauke mafi yawan aikin, ɗayan ya laɓe a bayansa. Nauyi zai tashi, mutum ya yi murna, amma giɓin yana nan. Wannan matsala ce ta sa aka ƙera injin turin kafaɗa mai hannu biyu a rabe, wanda kowane hannunsa ke ɗauke da nasa kaya. Amfaninsa ya wuce gina tsoka, domin ma'auni ne da ke nuna gaskiyar kowace kafaɗa, musamman idan aka haɗa shi da wayar da ke aljihu.

Yadda injin yake

Turin kafaɗa shi ne mutum ya tura nauyi daga daidai kafaɗunsa zuwa saman kansa, sannan ya dawo da shi. A kan inji, a zaune ake yi, baya jingine da kujera, hannuwa riƙe da mariƙai biyu.

A tsohon samfuri, mariƙan biyu a jikin ƙarfe ɗaya suke. Ko da hannun dama kaɗai aka tura, na hagu ma zai tashi. A samfuri mai hannuwa a rabe kuwa, kowane mariƙi yana da nasa hannun ƙarfe da nasa wurin juyawa. Idan hagu bai tura ba, ɓangaren hagu yana nan a ƙasa, kowa na gani.

Iri biyu aka fi samu. Akwai wanda ake zura wa faya-fayan ƙarfe a kowane gefe, kamar kilo 10 a dama da kilo 10 a hagu. Akwai kuma mai jerin tubalan ƙarfe, wanda ake zaɓar nauyi ta hanyar soka ɗan ƙarfe a rami, igiyar ƙarfe ta ja tubalan sama. A wannan iri na biyu, wani injin yana da jeri biyu, kowane hannu da nasa, wani kuma jeri ɗaya ne hannuwan ke rabawa.

Yawancin irin waɗannan injuna ba miƙe tsaye suke tura mariƙan ba. Yayin da hannuwa ke hawa, mariƙan na ɗan matsowa kusa da juna, kamar yadda hannun mutum ke yi idan ya ɗaga wani abu sama da kansa.

Asalinsa

Tunanin motsa jiki da inji ya girmi wutar lantarkin gidaje. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Gustav Zander, ya buɗe cibiyarsa a Stockholm a 1865, cike da na'urori masu hannuwan ƙarfe da nauyin da ake iya ƙarawa ko ragewa. Bayan fiye da shekara 100, a 1970, Arthur Jones ya fito da injunan Nautilus a Amurka, masu wani faifai mai siffar katantanwa da ke sauya nauyi gwargwadon inda hannu ya kai.

Ɗansa Gary Jones ne ya kafa Hammer Strength a 1989. Ya yi aiki tare da masu horar da ƙungiyar Cincinnati Bengals ta ƙwallon Amurka, ya fitar da injunan da suka yi suna wajen raba hannun dama da na hagu, a ƙarƙashin sunan Iso-Lateral. Kamfanin Life Fitness ya saye shi a 1997. Yanzu manyan kamfanoni irin su Technogym na Italiya suna da nasu samfurin, akwai masu rahusa daga Sin, kuma masu walda a wurare da yawa suna kwaikwayon tsarin.

Fasahar ba ta tsaya nan ba. A 2018 kamfanin Tonal na Amurka ya fito da injin da ake kafawa a bango, mai allo da hannuwa biyu a rabe, wanda ba shi da faifan ƙarfe ko ɗaya. Mota mai aiki da lantarki da maganaɗisu ce ke samar da nauyin, har kimanin kilo 90 a samfurin farko, kuma yana rubuta aikin da aka yi da kansa. Sai dai kuɗinsa dubban daloli ne, ga biyan wata-wata, ga buƙatar wuta da intanet. Abin daɗin shi ne, kaso mai yawa na abin da yake yi ana iya samunsa da injin ƙarfe zalla da waya mai kamara.

Abin da ke faruwa a cikin kafaɗa

Babu gaɓar da ta kai ta kafaɗa yalwar motsi a jikin ɗan Adam. Dalili shi ne kan ƙashin damtse babba ne, ramin da yake zaune a ciki kuma ba shi da zurfi. Wannan ne ya ba hannu damar juyawa ta ko'ina, shi ne kuma ya sa kafaɗa ta fi sauran manyan gaɓoɓi saurin gocewa.

Tsokar da ta lulluɓe kafaɗa, wadda likitoci ke kira deltoyid, kashi uku ce: ta gaba, ta gefe da ta baya. A turin kafaɗa, ta gaba ce ke shan mafi yawan aiki, ta gefe na taimaka mata, tsokar bayan damtse kuma ta miƙar da gwiwar hannu. A ƙarƙashinsu akwai wasu ƙananan tsokoki huɗu da ke riƙe kan ƙashin a raminsa kada ya zame. Allon kafaɗa ma ba a tsaye yake ba, yana juyawa sama tare da hannu. A ƙiyasi, cikin kowane digiri 3 da hannu ya ɗaga, 2 daga gaɓar suke zuwa, 1 daga juyawar allon.

Akwai wani abu da ya kamata mai amfani da injin ya riƙe. Allon kafaɗa ba a shimfiɗe yake sak a baya ba, ya karkato gaba da kimanin digiri 30. Saboda haka hannu ya fi samun sauƙin hawa idan gwiwar hannu ta ɗan shigo gaban jiki, maimakon a baje ta gefe sosai.

Me ya sa ake raba hannuwan?

Duk wanda ya taɓa kallon dambe ya ga misali a fili. Ɗan dambe yana naɗe hannu ɗaya da zare, shi ne mashi, ɗayan kuma garkuwa ne da yake tarewa da shi. Hannu biyu a jiki ɗaya, kowanne da aikin da ya saba. Haka mai ɗinki, makaniki, ko ɗalibin da kullum a kafaɗa ɗaya yake rataya jaka.

Ɗan bambanci tsakanin dama da hagu ba ciwo ba ne, kusan kowa na da shi. Matsalar tana farawa ne lokacin da aka fara ɗora wa jiki nauyi. Idan hannu ɗaya ya gaza, jiki ba ya tsayawa, dabara yake nema: gangar jiki ta karkata, kafaɗa ta ɗago zuwa kunne, ƙugu ya lanƙwashe. Ana maimaita wannan mako bayan mako, nauyi na ƙaruwa, har wata gaɓa ta fara ƙorafi. Masu iya magana sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, to a ƙarƙashin ƙarfe ma haka ne.

Injin mai hannuwa a rabe yana yin abu uku. Na farko, yana nuna giɓin. Na biyu, yana tilasta wa kowane hannu ɗaukar nasa kaya. Na uku, tunda injin ne ke riƙe da hanyar da nauyin zai bi, sabon shiga ba ya fargabar ƙarfe ya kuɓuce ya faɗo masa a ka, sai ya mai da hankali kan turin kansa.

Akwai kuma wani abin mamaki da masana a Jami'ar Yale suka fara rubutawa tun 1894: idan aka horar da hannu ɗaya, ɗayan da bai yi komai ba shi ma yana ƙara ƙarfi. Nazarce-nazarcen da suka tattara gwaje-gwaje masu yawa sun sa ƙarin a tsakanin kashi 8 zuwa 12 cikin 100. Ba tsokar ce ke girma ba, ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne ke ƙara ƙwarewa wajen aika saƙo. Shi ya sa likitocin fisiyo kan sa mai ciwo a hannu ɗaya ya ci gaba da motsa lafiyayyen.

Yadda ake zama da yadda ake turawa

Kafin a ɗora nauyi, a fara da saita kujera. A ɗaga ta ko a sauke ta har mariƙan su zo daidai kafaɗa ko sama da ita kaɗan. Idan kujera ta yi sama da yawa, mariƙan za su koma ƙasa da kafaɗa, a fara turi daga inda gaɓar take a matse. Idan ta yi ƙasa da yawa, rabin motsin kawai za a yi. Yawancin kujeru suna da lamba a jikin ramukansu, a rubuta lambar a waya don kada a riƙa lalube kowane zuwa.

Tafin ƙafa biyu su zauna daram a ƙasa. Mazaunai da gadon baya su manne da kujera, ciki a ɗaure kamar mai jiran naushi. Injuna da yawa suna da mariƙi iri biyu: wanda tafin hannu ke kallon gaba, da wanda tafukan ke kallon juna. Na biyun yana shigo da gwiwar hannu gaba, kuma mutane da yawa sun fi jin daɗinsa a kafaɗa. Kowanne aka zaɓa, wuyan hannu ya tsaya a miƙe, gwiwar hannu tana ƙarƙashinsa.

A tura sama ana fitar da numfashi, har hannu ya kusa miƙewa, ba tare da an buga gwiwar hannu da ƙarfi ba. A dawo a hankali ana shaƙar iska, cikin daƙiƙa 2 zuwa 3. Saukowar rabin aikin ce. Wanda ya saki nauyi ya faɗo da ƙara ya zubar da rabin ribarsa, ya kuma dami jama'a.

Kafin nauyin gaske, a ɗumama jiki na minti 5, a juya hannuwa, sannan a yi turi 10 zuwa 15 da injin babu kaya ko da ɗan kaɗan.

Salo uku, doka ɗaya

Ana iya tura hannu biyu lokaci guda. Wannan ne salon da ya dace a fara da shi, kuma abin lura shi ne mariƙan su tashi tare, su isa tare. Ana iya yin karɓa-karɓa, dama ya hau ya sauko, hagu ya karɓa. Ana kuma iya yin hannu ɗaya zalla har ya gama adadinsa, ɗayan yana riƙe da gefen kujera. A wannan salon tsokokin ciki da na gefe suna shan aiki, domin su ne ke hana jiki karkata.

Dokar da ta fi kowace muhimmanci ita ce hannu mai rauni shi ke yanke adadi. A sa nauyi iri ɗaya a ɓangarorin biyu, a fara da mai raunin. Idan ya tsaya a turi 8, mai ƙarfin ma ya tsaya a 8, ko da zai iya 12. Da wuya zuciya ta yarda da wannan, amma idan aka bar mai ƙarfin ya ci gaba, giɓin ba zai taɓa rufewa ba.

Ga sabon shiga, zagaye 2 zuwa 3 na turi 8 zuwa 12 ya isa, da hutun minti 1 da rabi zuwa 2 a tsakani. Sau 2 a mako, a bar kamar kwana 2 tsakanin zuwa da zuwa. Wannan ya yi daidai da shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020, wadda ta ce manya su yi atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Idan hannuwan biyu suka kai turi 12 a dukkan zagaye ba tare da karkata ba, sai a ƙara mafi ƙanƙantar faifai, kilo 1.25 ko 2.5 a kowane gefe, a koma 8.

Lambar da ke jikin faifai ba ita ce nauyin da ke hannu ba

Duk wanda ya taɓa tura baro ya san kayan da ke kusa da taya sun fi sauƙin ɗagawa. Hannun injin ma haka yake aiki. Misali, idan faifan kilo 20 yana rataye santimita 60 daga wurin juyawa, mariƙin kuma yana santimita 100, abin da hannu ke turawa bai wuce kilo 12 ba, sai a ƙara nauyin hannun ƙarfen kansa. Wani injin da aka ƙera da wani tsayin daban zai ba da wata amsa daban.

Saboda haka, wanda ke tura kilo 30 a wani gidan motsa jiki zai iya kasa kilo 20 a wani, kuma ba rauni ya yi ba. Gasa da lambar da wani ya saka a TikTok ko Instagram ɓata lokaci ne. Kwatancin da ke da ma'ana shi ne na mutum da kansa, a kan inji ɗaya, da kujera a rami ɗaya.

A kuma kula da ma'auni. Wasu faya-fayan da fam aka rubuta su, ba kilo ba. Kilo 1 fam 2.2 ne, don haka faifan da aka rubuta 25 zai iya zama kilo 25, zai kuma iya zama kilo 11.3. Idan injin na walda ne, ko nauyin na siminti ne da aka zuba a gida, a ɗora kowanne a sikeli, a duba ko hannuwan ƙarfen tsayinsu ɗaya, kuma ko ɗaya ya fi ɗaya tauri wajen juyawa. Gwaji mai sauƙi shi ne a musanya faya-fayan dama da na hagu. Idan raunin ya bi faifan, laifin ba na kafaɗa ba ne.

Inda waya ke shigowa

Kamara ita ce kayan aiki na farko. A jingina waya a gaba, daidai tsayin ƙirji, nisan mita 2 zuwa 3, tana kallon injin kai tsaye. Idan wayar tana da tsarin bidiyo mai tafiyar hawainiya, mai ɗaukar hoto 120 ko 240 a daƙiƙa, a kunna shi. A ɗauki zagayen ƙarshe, lokacin da gajiya ta shigo, domin a nan gaskiya ke fitowa. A bidiyon a duba abu uku: wane mariƙi ne ke riga isa sama, wace kafaɗa ce ke ɗagowa zuwa kunne, kuma ina kai da ƙirji ke karkata. Wata rana a ɗauka daga gefe don ganin ko ƙugu na barin kujera.

A yi hattara da kamarar gaba, domin takan juya hoto kamar madubi, dama ta koma hagu. A yi amfani da ta baya, ko a ɗaura agogo a hannun hagu ya zama alama. Sannan a nemi izinin masu wurin, kada kuma a ɗauki fuskar wanda bai yarda ba.

Na biyu shi ne rubutu. Manhajoji irin su Hevy, Strong da JEFIT suna ba da damar ƙirƙirar sabon atisaye. A ƙirƙiri guda biyu, ɗaya na hagu, ɗaya na dama, kowanne ya samu nasa tarihi. Wanda ba ya son ƙarin manhaja, jadawalin Google Sheets ya ishe shi: kwanan wata, hannu, nauyi, adadin turi, ramin kujera da salon da aka yi. Rubuta salon yana da muhimmanci, domin hannu kan fi ƙarfi idan shi kaɗai yake turi fiye da idan suna yi tare.

Don sanin girman giɓin, akwai lissafin Epley, wanda ke ƙiyasta nauyi mafi girma da mutum zai iya turawa sau ɗaya. A raba adadin turi da 30, a ƙara 1, a ninka da nauyin. A ce dama ya tura kilo 20 sau 10, amsarsa 26.7. Hagu ya tura kilo 20 sau 7, amsarsa 24.7. A ido, 7 da 10 kamar giɓin kashi 30 cikin 100 ne, amma a lissafi bai kai kashi 8 ba. Masu horar da 'yan wasa da yawa sukan fara sa ido ne idan giɓi ya haura kashi 10 zuwa 15. Irin wannan gwaji, wanda ake barin kowane hannu ya kai iyakarsa, sau ɗaya a mako 4 ya isa.

Na uku shi ne agogon zamani. Wasu agoguna, kamar na Garmin, suna ƙirga turi da na'urar jin motsi da ke cikinsu. Amma agogo motsin hannun da yake ɗaure a kai kawai yake ji. Idan hannu ɗaya ake yi, aikin ɗayan ba zai shiga lissafi ba sai an gyara da hannu. Inda agogo ya fi amfani shi ne ƙirga lokacin hutu da bugun zuciya.

Masu sha'awar rubuta manhaja kuma suna da abin wasa a nan. MediaPipe na Google kyauta ne, yana aiki a kan waya, kuma yana gano wurare 33 a jikin mutum daga hoton kamara. Da wurin kafaɗa, gwiwar hannu da wuyan hannu, ana iya lissafa kusurwar kowane hannu, a ƙirga turi, a kuma ga wanda ke makara. Rauninsa shi ne ƙarancin haske, da ƙarafan injin da kan tare gaɓoɓi.

Kurakuran da aka fi yi

Babban kuskure shi ne lanƙwasa baya. Idan nauyi ya fi ƙarfin kafaɗa, mutum kan zame gaba, ya turo ƙirji sama don tsokar ƙirji ta kawo ɗauki, ƙugu kuma ya biya bashin. Wannan dabara tsohuwa ce. Turin nauyi sama da kai yana cikin gasar Olamfik har zuwa wasannin Munich na 1972, aka cire shi bayan nan, kuma cikin dalilan akwai yadda 'yan wasa ke kwantawa baya har alƙalai suka rasa yadda za su hukunta.

Sauran kurakuran sun haɗa da yin rabin motsi don a ce an ɗaga da yawa, ɗage kafaɗu zuwa kunne, da riƙe numfashi. Riƙe numfashi a ƙarƙashin nauyi yana ɗaga hawan jini na ɗan lokaci, don haka mai hawan jini ko ciwon zuciya ya ga likita kafin ya fara. Akwai kuma zama a kan inji ana duba saƙonni na minti 10, jiki ya huce, masu jira su gaji.

Lokacin da ya kamata a tsaya

Zafin gajiya a tsoka, da tsamin jiki na kwana 1 zuwa 3 bayan atisaye, abu ne da aka saba. Amma suka mai kaifi a cikin gaɓa, ciwon da ke zuwa idan hannu ya kai tsakiyar hawa, tsakanin digiri 60 da 120, ciwon da ke hana barci, ko mutuwar yatsu, duk alamu ne na a ajiye ƙarfe a nemi likita. Wanda kafaɗarsa ta taɓa gocewa ko aka yi masa aiki a wurin, ya fara da shawarar likitan fisiyo. Ana samunsu a asibitocin koyarwa da na ƙashi, irin Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano.

Akwai kuma raunin da ba na gidan motsa jiki ba ne. Idan hannu ɗaya ya mutu farat ɗaya, musamman tare da karkacewar baki ko harɗewar magana, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce. Asibiti za a nufa nan take.

Abin da injin ba zai yi ba

Kan babban mutum ya kai kilo 5. A 2014 wani likitan ƙashin baya a Amurka, Kenneth Hansraj, ya lissafa cewa sunkuyar da kai digiri 60, irin na mai kallon waya, yana sa wuya ɗaukar abin da ya kai kilo 27. Mai yini a haka kafaɗunsa kan zubo gaba. Turin kafaɗa kaɗai ba zai gyara wannan ba, tunda tsokar gaba ya fi ginawa. Dole a haɗa da atisayen ja, wanda ake jawo nauyi zuwa ƙirji ko ciki, don tsokokin baya su samu rabonsu. A ƙalla, kowane zagayen turi ya samu zagayen ja.

Haka kuma, tunda injin ne ke riƙe da hanya, ƙananan tsokoki masu daidaita gaɓa ba sa shan aiki kamar yadda suke sha da dambel. Wanda ya ƙware a inji yana da kyau ya riƙa haɗawa da dambel marar nauyi. Wanda kuma babu injin a kusa da shi bai yi asara ba. Dambel biyu masu nauyi ɗaya, ko robar motsa jiki da aka taka da ƙafa, ko jarkoki biyu masu cin lita 5, tunda litar ruwa kilo 1 ce, duk suna raba hannuwa. Dokar ba ta canzawa: a fara da mai rauni, shi ke yanke adadi.

A makonnin farko, yawancin ƙarfin da ake samu daga jijiyoyi yake zuwa, kafin tsoka ta fara nunawa a madubi. Saboda haka wanda ya fara yau kada ya dogara da madubi. Ya saita kujera, ya ɗauki bidiyon farko, ya rubuta lambar hagu da ta dama, bayan mako 4 ya sake gwadawa a kan injin nan, ya ɗora sabbin lambobin kusa da tsofaffin.